Ina Takardar Da Doka Ta Ce A Manna A Bango?

Tun da muka sa maganar ma'aikatan injinan casar shinkafa cikin buƙatun da matasan ɓangarenmu za su miƙa wa 'yan takara, 'yan wancan ɓangaren suke ta yi mana shaguɓe a Facebook. Wai mun rasa abin yi, ana fama da 'yan bindiga mu kuma muna maganar takardar bango. To ga amsa, ku daure ku karanta har ƙarshe.

Ba mu muka ƙirƙiro takardar nan ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ce ta wajabta wa kowace masana'anta ta manna taƙaitaccen bayanin dokar a inda kowa zai gani, tare da adireshin sufeton da ya fi kusa, don ma'aikaci ya san inda zai kai ƙara. Ta ce a rubuta da Turanci da kuma harshen gida da sufeto ya umarta. Yanzu ku zaga wuraren casa da gidajen buga bulo daga Mafara zuwa Bakura har Maradun, ku duba bango. Kalanda za ku gani da fostar ɗan takara, wani lokaci ma fostar namu ne, sai kuma "ba a bashi" da aka rubuta da gawayi.

Me yaron da ke aiki a wurin bai sani ba? Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata 3 da fara aiki dole a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Idan ya wuce wata 3 ba a sallamarsa sai da notis na mako guda, idan ya wuce shekara 2 mako biyu, shekara 5 kuma wata guda. Bayan wata 12 yana da hutun aƙalla kwana 6 da albashinsa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, saboda ranar da bel ɗin inji zai kama hannun wani. A nan idan abin ya faru, kuɗin kyamis ake bayarwa da "Allah ya sawwaƙe", shi ke nan, gobe ƙanensa ya hau injin. Kuma wallahi da yawan masu injin su ma ba su san dokar ba, ba duka ne azzalumai ba. Wanda ya sani ya yi shiru shi ne abokin rigimarmu.

Akwai wurin da dokar kanta ta yi mana gajeren zane. Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma an cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, an cire masu aikin jinga, an cire aikin gona na lokaci-lokaci. Wato 'yan ƙwadagon da ke dashe da yankan shinkafa a gonakin Bakolori duk suna waje. Wannan gyara na Majalisar Tarayya ne, domin harkar ƙwadago a hannun Tarayya take, kuma muna da sanata da 'yan majalisa da suka ci ƙuri'ar waɗannan mutane. Ƙasar nan ta ba Zamfara gwamnoni uku: Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Mafara, Bello Matawalle na Maradun. Shekara 20 cif. Kada wani ya ce mana ba mu da bakin da zai kai Abuja, ko wanda zai sa ofishin ƙwadago na Gusau ya turo sufeto.

Masu cewa "takarda ce kawai", anya 'yan Bakolori ne kuwa? Iyayenmu sun san abin da ke faruwa idan lissafin haƙƙinka yana hannun wani kai ba ka gani. An gama dam ɗin a 1978, Impresit na Italiya ne ya gina, aka tashi ƙauyuka, aka auna gonaki, maganar diyya ta zama ka-zo-gobe. Da manoma suka tare hanya, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu. Gwamnatin Shagari ta faɗi nata adadin, mutanen gari sun san nasu.

Batun 'yan bindiga kuma, ba ku fi mu jin zafinsa ba. Su ne suka koro samarin ƙauye cikin gari, suna karɓar kowane aiki a kowane farashi, shi ya sa ma maganar ta ƙara nauyi.

Abin da muka yanke a zaman shugabannin matasa shi ne, za mu sa lauya ya duba mana fassarar waɗannan haƙƙoƙi a shafi guda, da boko da ajami, mu buga da kuɗin aljihunmu. Za mu fara mannawa a injinan 'yan jam'iyyarmu, har da na manyan da ke ɗaukar nauyin taronmu. Wanda ya yage, za mu kawo muku hoton bangon a wannan shafi.