Don Allah A Daina Ce Wa Yaro “Bebe”

Hutun da ya wuce na tarar ana ta tsokanar ɗan yayata. Shekararsa biyu, kalmominsa ba su wuce “Mama”, “ruwa” da “a'a” ba, alhali sa'arsa 'yar maƙwabta har gulma take kawowa. Shi ke nan aka laƙaba masa “bebe”, wata gwaggo ma ta ce a kira wanzami ya yanke masa linzami. Haba jama'a!

Ni dai ra'ayina, wannan gwajin da muke yi tsakanin yara zalunci ne. Yawanci yaro kan furta kalmar farko wajen shekara ɗaya, ya fara haɗa kalmomi biyu wajen shekara biyu, amma tazarar da ke tsakanin yara masu lafiya tana da faɗi. Kuma fahimta tana riga furuci. Yaron nan da ake wa dariya, ka ce masa “ɗauko takalmin Baba”, yanzun nan zai kawo. Ashe yana ji, yana ganewa, bakin ne bai kamo ba tukuna.

A 1984, binciken Janet Werker da Richard Tees a Kanada ya nuna jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana bambance sautukan harshen da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya karkata ga harshen gida. Wato tun kafin ya ce uffan aiki yake yi. Jin harshe biyu a gida, kamar Hausa da Fulatanci, ba ya hana yaro magana.

Sai dai fa kada “ai zai yi” ta sa mu sakaci. In yaro ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko kunnensa na zubar da ruwa, ko ya yi sanƙarau ko ƙyanda, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya, asibiti za a kai shi a auna jinsa, ba wajen aska ba.

'Yan uwa ɗalibai, mu ne 'yan bokon gida, ana sauraronmu. In mun koma hutu, mu ajiye waya, mu yi wa ƙannenmu tatsuniya, mu jira su amsa. Wanda ya ce “luwa” kada a kwaikwaye shi, a ce masa “eh, ga ruwa”. Sannu ba ta hana zuwa.