Safar Tacewa Ko Na'ura Mai Naɗi?

Ni dai ina bayan safar tacewa a tankin ƙasa, amma da sharaɗi. Safa mai maikron 200 tana kama datti sosai, sai dai dattin yana nan cikin ruwa yana ruɓewa, naitiret yana hawa. Idan ba ka wanke ta duk kwana 2 ko 3, kifinka ne zai ji jiki.

Na'ura mai naɗi kuwa, da ƙyallen ya toshe, ruwa ya taso, sai ta juyo sabo, ta fitar da dattin daga ruwa. Matsalarta tsada, kuma naɗin yana ƙarewa.

Mai yawan tafiya ya sayi na'ura. Mazaunin gida ya tanadi safa 4, ya riƙa musanyawa. Ku me kuka gani?