Warware

A ƙasar Magarya, in igiyar guga ta harɗe a bakin rijiya, mai gaggawa wuƙa yake nema. Mai haƙuri kuwa ya kama bakin igiya, ya bi ta sannu har ta miƙe. Wannan ne warwarewa. Ƙulli ɗaya kuwa, kwance shi ake.

Da Faransanci ana cewa démêler. Yaran Nijeriya, ƙetaren iyaka, suna koyon unravel da Ingilishi. Amma ɗalibin da ya haddace cewa warware shi ne démêler, da sauran aiki gabansa. Majinyaci ya warware, wato ya samu sauƙi. Alwala ta warware, wato sai an sake ta. Démêler ba ya shiga nan ko kaɗan. Gara malam ya ba yara kalma cikin jimla, ko ma ya kawo harɗaɗɗen zare aji, su warware da hannunsu.