Oba-oba a Kan Babur: Ina Ne Mazauninta?

Sanin kowa ne cewa babur shi ne dokin wannan zamani a karkarar Katsina. Daga Rimaye zuwa Kankiya, ko daga Kusada zuwa ƙauyukan da ke kewaye da ita, a kansa ma'aikacin lafiya yake kai allurar rigakafi, a kansa kuma ɗan sintiri yake kewaya gari da dare. Da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a watan Oktoba na 2023, an raba wa jami'anta ɗaruruwan babura. Kafin nan, a watan Satumba na 2021, an rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, jama'a suka gane cewa wayar hannu ba abin dogaro ba ce a kowane lokaci. Wannan shi ya ƙara wa wayar oba-oba daraja, domin ita ba ta jiran ƙarfen kamfani: na'ura ce take magana da 'yar'uwarta kai tsaye. To, amma a ina ya kamata mahayi ya ajiye ta?

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mazaunin oba-oba jikin mahayi ne, a gaban kafaɗarsa ta hagu, eriyarta a tsaye. Hujjoji kuwa suna nan a cikin ilimin jikin ɗan Adam da na kaɗawar rediyo.

Da farko, a dubi hannu. Babur ya riga ya raba wa hannuwa biyu aiki: na dama yana riƙe da totur da birkin gaba, na hagu yana riƙe da kuloci. Birkin gaba kuwa shi ke ɗauke da mafi yawan nauyin tsayawa. Kafin ido ya hango haɗari, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, saƙo ya bi jijiya ya isa ga tsoka, akan ci kimanin daƙiƙa guda, wani lokaci fiye. Babur mai gudun kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 a wannan daƙiƙa ɗaya. Idan akuya ta ɓullo daga gona alhali hannu yana riƙe da na'ura, sai a ƙara da lokacin sakinta da laluben birki. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Saboda haka riƙon oba-oba a hannu ana tafe shi ne mafi munin zaɓi.

Na biyu, waɗansu sukan ɗaure ta a kan babur, kusa da mita, ko a bisa tanki. Ga ido wannan dabara ce, amma tana da illa uku. Injin Bajaj Boxer da ire-irensa mai silinda ɗaya ne, girgizarsa kuma tana bin ƙarfe ta hau har kai, a hankali ta kwance mahaɗin batir da ƙananan wayoyin ciki. Ko kamfanin Apple ma ya gargaɗi jama'a a 2021 cewa girgizar injin babur tana iya lalata kyamarar wayarsa. Illa ta biyu ita ce zafi da ƙura: a watan Afrilu zafin ƙasar Katsina yakan wuce digiri 40, ga turirin inji daga ƙasa, batir kuwa zafi ne babban maƙiyinsa, da hunturu kuma ƙura ta toshe ramukan lasifika. Illa ta uku tana ga fulogi. Kowane tartsatsi da yake yi yana watsa kaɗawar rediyo. Da tartsatsin lantarki ne masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz, ya tabbatar da samuwar wannan kaɗawa a tsakanin 1887 da 1888. Wato dai fulogi wata ƙaramar tashar rediyo ce mai watsa surutu, duk na'urar da ta kusance shi kuwa za ta riƙa ƙaraf-ƙaraf. Bugu da ƙari, a lokacin karo jikin mahayi gaba yake zamewa ta kan tanki, duk ƙarfen da aka girke a nan ciki da mara zai tara.

Mai karatu zai iya cewa, ai jiki ma yana da nasa cikas. Gaskiya ne. Kimanin kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne mai gishiri, irin wannan ruwa kuwa yana shanye kaɗawar rediyo. Wannan ne dalilin da ya sa na'urar da aka cusa a aljihun riga, ko aka rataye a ƙugu eriyarta manne da ciki, take rasa babban kaso na ƙarfinta. Amma maganin abin ba wuya. Idan aka ɗaga ta zuwa kafaɗa, eriya takan zarce jiki ta sami sarari. Eriyar na'ura mai aiki a kan megahaz 450 ba ta wuce santimita 17 ba, domin rubu'in tsawon kaɗawar ke nan, don haka ba ta damun mai tuƙi. Masu ƙera na'urorin sukan ce a bar tazarar santimita biyu da rabi tsakanin eriya da jiki. Jakar fata mai ɗan kauri, irin wadda kowane baduku zai iya ɗinkawa, tana taimakawa wajen samar da wannan tazara, ta kuma rage bugu idan an faɗi. Gadon baya dai a kiyaye shi, kada a ɗora masa abu mai tauri, saboda lakar da ke ciki.

Tsawo ma yana da muhimmanci. Kaɗawar oba-oba kusan a miƙe take tafiya kamar haske, don haka daga tsawon mita ɗaya da rabi ba ta cika wuce kilomita biyar a fili ba. Da kaka, lokacin da dawa ta fi mahayi tsawo a gonakin Rimaye, ganye mai ruwa yakan ƙara rage zangon. Kowane taƙi da aka ɗaga eriya riba ce. Haka nan dole ta tsaya a miƙe, domin idan ɗaya tana tsaye ɗaya tana kwance, murya takan raunana ƙwarai.

Hujja mafi nauyi ita ce ta ƙarshe. Ranar da aka fi bukatar oba-oba ita ce ranar da mahayi ya rabu da babur ɗinsa: ya faɗi ya karye, ko ya jefar da shi ya nemi mafaka, ko aka ƙwace shi. Na'urar da ke jikin babur ta tafi da babur, har ma maƙiyi ya saurari abin da ake faɗa. Wadda ke kafaɗa kuwa tana tare da mai ita. Idan mutum biyu ne a kan babur, na baya shi ya dace ya riƙe magana. Idan mutum ɗaya ne, ya saurara yana tafe, ya tsaya kafin ya amsa. Babbar na'ura mai shan batirin babur ita kaɗai ce ta cancanci a girke ta a bayan kujera, eriyarta a kan kariya, nesa da inji.

Malaman kimiyya za su iya tabbatar wa ɗalibai da wannan a filin makaranta. A ari na'ura biyu, ɗalibi ya yi nisa har murya ta fara dusashewa, sannan ya gwada ta a ƙugu, da kafaɗa, da kwance, sauran su rubuta abin da suka ji. Su kuwa hukumomin da ke raba babura da oba-oba ga ma'aikata, ya kyautu su haɗa da jakar kafaɗa, domin kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba.