Sanarwar Bayan Taron Zumuntar Matan Ikilisiyoyin Zango da Aka Yi a Kotobabi Kan Matsayin Mace a Ikilisiya

Shugabannin zumuntar mata na ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa a Kotobabi, Nima, Maamobi da Accra New Town sun yi zaman yini guda a Kotobabi ranar Asabar da ta gabata, tare da fastoci, dattawan ikilisiya, malaman makarantar Lahadi da wakilan matasa da aka gayyata. Abin da ya tara mu shi ne gardamar da ta daɗe tana yawo a majami'unmu da cikin gidajenmu: ina Littafi Mai Tsarki ya ajiye mace, kuma wane aiki ne ya halatta gare ta a gidan Allah? An buɗe da addu'a da waƙa. An yi zaman da Hausa, domin ita ce ta haɗa Frafra da Kusasi da Dagaba da Bulsa da 'yan'uwanmu da suka zo daga Najeriya, Nijar da Togo.

Gara mu faɗi gaskiya tun daga farko: taro bai cimma matsaya ɗaya kan naɗa mace fasto ba. An so a rubuta wata jimla mai laushi da za ta rufe saɓanin, iyayenmu mata suka ƙi, suka ce a rubuta abin da ya faru yadda ya faru.

Masu ganin bai kamata a ɗora wa mace hannu a naɗa ta ba sun tsaya a kan 1 Timoti 2:11-12 da 1 Korantiyawa 14:34-35, inda Manzo Bulus ya hana mace koyar da namiji da iko, ya kuma yi maganar shirun mata a taron ikilisiya. Sun ce Bulus bai jingina hanin ga al'adar mutanen Afisa ba, ya jingina shi ga halittar Adamu da Hawwa'u, saboda haka zamani ba zai shafe shi ba. Sun ƙara da cewa manzanni 12 da Yesu ya zaɓa duk maza ne. Wannan ba ra'ayin 'yan tsiraru ba ne. Ikilisiyar Katolika tana kan sa, kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya rufe ƙofar maganar a wasiƙarsa ta 1994. Cocin Pentecost na Ghana yana naɗa mata dikoniyoyi amma ba ya naɗa su fastoci, haka ECWA da wasu daga cikinmu suka taso a cikinta a arewacin Najeriya.

Ɗaya ɓangaren ya fara daga Farawa 1:27, inda aka halicci namiji da mace duka cikin kamannin Allah, ya biyo ta Galatiyawa 3:28. Suka jero matan da Littafin da kansa ya ba aiki: Debora da ta yi wa Isra'ila shari'a, annabiya Hulda da Sarki Yosiya ya aika a tambaye ta, Maryamu Magadaliya da ta fara kai labarin tashin Yesu daga matattu, Bilkisu da ita da mijinta Akila suka gyara wa Afolos koyarwarsa, Fibi da Bulus ya yaba a Romawa 16, da 'ya'yan Filibus mata huɗu masu annabci. Hujjar da ta fi ɗaukar lokacin taro ita ce ta 1 Korantiyawa 11:5. A can Bulus yana tsara yadda mace za ta yi addu'a da annabci a gaban jama'a. To in tana annabci a sura ta 11, shirun da aka ce ta yi a sura ta 14 na wane iri ne? Masu wannan ra'ayi ma suna da ikilisiyoyi a bayansu. Cocin Presbyterian na Ghana yana naɗa mata tun ƙarshen shekarun 1970, Methodist ma yana naɗawa, kuma Dayosis ɗin Anglican na Accra ya naɗa mata firistoci na farko a 2011.

Babu ɓangaren da ya kayar da ɗaya, kuma taro ya lura cewa kowa da Littafinsa a buɗe ya yi magana. Saboda haka daga yau ba mu yarda a kira mai goyon bayan naɗa mata ɗan koren Turawa ba, ba mu kuma yarda a kira mai ƙi maƙiyin mata ba. Wanda ke cewa maganar daga Turai ko Amurka aka shigo da ita, ya tuna cewa a Kwalejin Trinity da ke Legon, nan kusa da mu, Farfesa Mercy Amba Oduyoye, 'yar Ghana kuma 'yar Methodist, ta tara mata masana tauhidi na Afirka a 1989, suka kafa ƙungiyar da har yau take nazarin Littafi da al'ada ta fuskar mace.

Taro ya daɗe a kan abin da ya faru a Cocin Pentecost a watan Fabrairun 2010, zamanin shugabancin Apostle Opoku Onyinah. Shekara da shekaru mace ba ta shiga sujada a can sai da ɗankwali, maza na zaune gefe guda, mata gefe guda. Shugabannin cocin suka sake nazari, suka fitar da sanarwa cewa kada a kori mace ko a tsangwame ta don ba ta ɗaura ɗankwali ba ko don ta sa wando na mutunci, kuma wurin zama ba dole ne a raba shi ba. An yi ta hayaniya a gidajen rediyo da jaridu, wasu suka ce coci ya lalace. Coci bai lalace ba, bai kuma fara naɗa mata fastoci ba. Darasin da muka ɗauka shi ne ikilisiya mai riƙe da Littafi da ƙarfi tana iya zama ta tantance abin da yake umarnin Allah da abin da yake gadon iyaye. Yawancin matan da suka halarci taronmu da ɗankwalinsu suka zo, a zango kuwa haka mace mai kamun kai take fita ko Kirista ce ko Musulma. Ba mu ce kowa ta cire ba. Mun ce a daina auna bangaskiyar mace da ƙyallen da ke kanta.

A nan ne maganar ta juya, domin wata uwa daga Maamobi ta tunatar da taro cewa yawancin matan zango ba kujerar fasto ce damuwarsu ba. Damuwarsu ita ce ayar da ake karanta musu idan sun kawo ƙara da kumburarriyar fuska. Ana karanta Afisawa 5:22, mai maganar biyayyar mace ga mijinta, sai a rufe Littafin. Ayar da ke samanta, ta 21, ta ce masu bi su yi wa juna biyayya. Ta 25 ta ɗora wa miji ƙauna irin wadda Almasihu ya yi har ya ba da ransa. Kolosiyawa 3:19 ta hana miji tsananta wa matarsa, 1 Bitrus 3:7 kuma ta nuna cewa wulaƙanta mace yana iya toshe addu'ar miji. A kan wannan, da masu yarda da naɗa mata da masu ƙi, baki ya zo ɗaya.

Don haka taro ya yanke cewa babu ayar da ta ba miji izinin dukan matarsa, kuma fasto ko dattijon da ya mayar da mace mai rauni a jiki gidan da aka ji mata raunin, da sunan haƙuri, ya saɓa wa aikinsa. Sulhu yana da wurinsa, amma ba za a ƙara cewa a bar kaza cikin gashinta ba alhali rai na cikin haɗari. Dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007, wato Doka ta 732, tana aiki a kan Kirista kamar yadda take aiki a kan kowa, kuma 'yan sanda suna da sashen DOVVSU domin irin wannan ƙara. Kowace zumunta za ta ware mata dattawa da za su raka mai ƙara asibiti da ofishin 'yan sanda, ba tare da an kai sunanta bakin kasuwa ba.

Taro ya kuma yanke cewa ikilisiya ta tsaya wa gwauraye a rabon gado. A Littafin Ƙidaya sura ta 27, 'ya'yan Zelofehad mata sun nemi gadon ubansu, aka ba su. Dokar gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, ta 1985, ta ba matar mamaci da 'ya'yansa kayan ɗaki da gidan zama. Duk da haka muna ganin dangin miji suna zuwa daga ƙauye, a gama jana'iza a majami'a, kafin mako ya zagayo an sa wa ɗaki kwaɗo. Fastocinmu su riƙa faɗin wannan a wa'azin jana'iza, tun dangi suna zaune. Haka nan ba za a ɗaura auren yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba a ikilisiyoyinmu, kamar yadda dokar yara ta 1998 ta tanada.

Sai maganar kuɗi da shawara. Kowa ya san su wa ke cika bencina ranar Lahadi, su wa ke shara, girkin taro, gaida marasa lafiya da tara baiko. Amma in an zo zaman kwamitin da zai yanke yadda za a kashe baikon, sau da yawa babu mace ko ɗaya a ɗakin. Ko mai tsananin riƙo da 1 Timoti bai kawo ayar da ta hana mace zama ma'aji ko sakatariya ba. Taro yana kira ga kowace ikilisiya ta ba mata kujeru masu ƙuri'a a kwamitocin kuɗi, gini da makaranta, kuma a tura 'yan mata makarantar tauhidi da kuɗin ikilisiya kamar yadda ake tura samari, ko za a naɗa su ko ba za a naɗa ba. Majalisar Dokokin Ghana ta zartar da dokar daidaita wakilcin maza da mata ranar 30 ga Yulin 2024, kuma tun 7 ga Janairun 2025 Farfesa Jane Naana Opoku-Agyemang ce mataimakiyar shugaban ƙasa. Ba mu nemi gwamnati ta zaɓa mana mai hawa bagadi ba. Amma 'ya'yanmu mata suna ganin wannan, suna kuma tambayarmu.

Game da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawa a zangunanmu, taro ya yaba da zaman lafiyar da ke tsakani, ya tuna ziyarar da Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya kai cocin Christ the King a 2019. Za mu nemi zama da matan FOMWAG, ƙungiyar matan Musulmi, kan dukan mata, karatun 'ya'ya mata da halin da 'yan kayaye, wato mata masu dako, ke ciki a kasuwannin Accra.

An bar wa kowace ɗariƙa tsarinta kan naɗi, za a kuma ci gaba da nazarin ayoyin a zama na gaba, sura sukutum ba aya guda ba. Muna roƙon Baba Fasto na kowace ikilisiya ya karanta wannan sanarwa a sujadar Lahadi, a fassara ta ga waɗanda ba su jin Hausa, kuma kowace zumunta ta kawo sunayen matan da ta ware domin rakiyar masu ƙara kafin ƙarshen wata.

Sa hannu:
Shugabar Taro
Sakatariyar Taro
A madadin zumuntar matan ikilisiyoyin Kotobabi, Nima, Maamobi da Accra New Town