Shekarar da Aka Yarda da Uwa

Duk wanda ya yi wayo a Safo kafin 2005 ba sai an tuna masa da wannan shekara ba. Fara ta sauka a daminar 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, rumbunanmu suka wayi gari fayau. Tiyar gero ta yi tsadar da ta fi ƙarfin talaka. Muna kallo mata suka riƙa goya yara masu tamowa suna bin hanyar Maraɗi.

Yunwar kam muna tune da ita. Yadda aka ceci yaran ne ya ɓace mana. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi wa yara sama da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar a 2005, galibinsu a jiharmu ta Maraɗi. Ina gadon da zai ɗauke su? Sai aka kwantar da waɗanda jikinsu ya yi tsanani kawai. Sauran aka damƙa wa uwayensu abincin gyaɗar nan, Plumpy'nut, na mako guda, aka ce su koma gida, mako na zagayowa a dawo awo. An yi ta cewa za su sayar, ko su raba wa sauran yaran gida. An samu masu yin haka. Amma yawancin yaran a ɗakin uwayensu suka yi ƙiba.

Yau wata cuta ce ta shigo mana, mai sa a rufe ƙofa. Tiramol. Saurayi ya fara sha don ya yini noma ko tuƙin kabu-kabu babu gajiya, ran da bai samu ba sai ciwon gaɓoɓi, zufa, zawo, barci ya ƙaurace masa. Mu kuwa sai mu ce rashin tarbiyya ne. Wasu har ƙetare iyaka suke yi da ɗansu zuwa gidan mari. Ai mun ji abin da ƴan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019: mutum fiye da 300 a kulle, wasu da sarƙa a ƙafa.

Alhali akwai magani. A 2005 ɗin nan dai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa methadone da buprenorphine cikin jerin magungunan da ba a so a rasa. Dakar ta fara ba da methadone a cibiyar kula da masu shan ƙwaya ta CEPIAD tun 2015. A Amurka dokar 2008 ta hana likita rubuta irin wannan magani ta intanet sai ya ga majinyaci ido da ido. Da korona ta kulle mutane a watan Maris na 2020 aka sassauta, har likita kan ji bayanin mutum ta waya ya rubuta masa buprenorphine, ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe ta kwantar da ƙishin ƙwaya.

Na san Safo ba Amurka ba ce, kuma ba na raina haɗarin. Maganin da kansa yana iya sulalewa kasuwa, wanda kuma ya sha shi tiramol bai sake shi ba, azabar ƙaruwa take yi. Shi ya sa nake ganin namu tsarin sai da mutum uku: ƙwararren likita a waya daga Maraɗi ko Yamai, ma'aikacin asibitin garinmu da zai riƙe maganin yana ba da na ƴan kwanaki, sai wanda zai tsaya kan yaron a gida. Saurayin da kunya ta hana shi layin asibiti, ƙila ya iya magana da salula a bayan zaure.

Na ukun nan ba sai mun je nesa nemansa ba. Yaran da aka goya zuwa Maraɗi a 2005 yanzu sun haura shekara 20, wasunsu ne ke kan babur a bakin tasha. Uwayen da suka iya ƙidaya ƙunshin gyaɗa na kwana bakwai kuwa suna nan cikin gidajenmu.