Allah Ya Ja Zamanin Sarki, Amma Wane Irin Zamani?



Wata rana bayan darasin tarihi, gardama ta kaure a ajinmu a kan sarkin da ya fi kowa daɗewa bisa gadon mulki. Wannan ya ce Sarauniyar Ingila ce, wancan ya ce wallahi na Faransa ne. Har aka kira sallar la'asar ba mu daidaita ba. Da na koma gida na yi bincike, na samu amsar, amma sai wata tambaya ta tsaya mini a rai: shin daɗewa bisa mulki ita kaɗai abin yabo ce? Ra'ayina shi ne ba ta isa ba, kuma ga dalilaina.

Mu fara da ƙidaya. A cikin sarakunan ƙasashe masu cin gashin kansu, wanda aka tabbatar ya fi daɗewa shi ne Luwi na 14 na Faransa: daga 1643 zuwa 1715, shekara 72. Sai Sarauniya Elizabet ta biyu ta Ingila, 1952 zuwa 2022, shekara 70 da ƴan watanni. Sarki Bumibol na Tailan shi ma ya yi 70, daga 1946 zuwa 2016. A Afirka kuwa akwai Sobuza na biyu na ƙasar Swazilan, wadda ake kira Eswatini yanzu. Shi shekara 82 ya yi, daga 1899 zuwa 1982, sai dai ƙasarsa tana ƙarƙashin Turawan Ingila har zuwa 1968.

To, ku duba wani abu. Luwi bai cika shekara biyar ba aka naɗa shi. Sobuza kuwa jinjiri ne ɗan wata huɗu a goye, kakarsa ce ta riƙe masa mulki har 1921. Ashe ke nan babban sirrin daɗewa shi ne uba ya mutu da wuri, ɗa kuma ya yi tsawon rai. Duka biyun ba ƙoƙarin sarki ba ne, hukuncin Allah ne. Ta yaya za a yabi mutum a kan abin da ba shi ya yi ba?

Abin da za a tambaya shi ne yadda talaka ya ji a waɗannan shekaru. Luwi ya gina ƙasaitacciyar fadar Bersay, wadda har yau ƴan yawon buɗe ido suke tururuwa zuwa kallonta. Amma ya yi ta yaƙi da maƙwabta har baitulmali ya cika da bashi, kuma a yunwar 1693 da 1694 fiye da mutum miliyan ɗaya suka mutu a ƙasarsa. Ya binne ɗansa, ya binne jikansa, sai tattaɓa-kunnensa ɗan shekara biyar ya gaje shi. Masu tarihi sun ce da zai mutu ya ja kunnen yaron nan kada ya kwaikwaye shi wajen son yaƙi. Kun ji, mai shekara 72 ɗin da bakinsa.

Kada mu ce wannan halin Turawa ne kawai. A tarihin Musulunci, halifan da ya fi daɗewa shi ne Al-Mustansir na daular Faɗimiyya a Masar: daga shekara ta 427 zuwa ta 487 bayan Hijira, shekara sittin cur. Yana ɗan shekara bakwai ya hau. A zamaninsa ruwan Nilu ya gaza, sojojinsa suka dinga kashe junansu, aka yi yunwa ta wajen shekara bakwai a Alƙahira. Aka wawashe taskokin fada, har littattafan ɗakin karatu ba su tsira ba. A ƙarshe wani kwamandan soja, Badar al-Jamali, shi ya karɓi ragamar komai, halifa ya zama suna kawai.

Yanzu ku ajiye shi kusa da Umaru ɗan Abdul'aziz. Daga 99 zuwa 101 bayan Hijira, shekara biyu da wata biyar kacal. A wannan ɗan lokaci ya mayar da dukiyoyin da danginsa na Banu Umayya suka ƙwace, ya hana karɓar jiziya daga waɗanda suka musulunta, ya hana zagin Sayyidina Ali bisa mumbari. Don Allah, a ajinmu wa ya san sunan Al-Mustansir kafin yau? Amma wane ɗalibi ne bai san Umaru ba? Haka ma Sayyidina Abubakar, shekara biyu da ƴan watanni ya yi, a cikinsu ya kashe wutar ridda, aka kuma tattara Alƙur'ani wuri guda.

Na san wani zai ce mini: ai daɗewar sarki tana kawo natsuwa, ƙasa ba ta girgiza kowace shekara. Wannan magana tana da gaskiyarta, ba na musu. Abdurrahman na uku ya mulki Andalus daga 912 zuwa 961, ya haɗa kan ƙasar bayan ta tarwatse, ya mai da Ƙurɗuba birnin ilmi. Irin wannan aiki yana son lokaci. Sai dai aikin ne ya sa ake tuna shi. Kuma shi ɗin ma an ruwaito cewa ya ƙirga ranakun da ya yi farin ciki tsantsa a duk mulkinsa, ya tarar goma sha huɗu ne. Sarauniya Elizabet kuwa, ta daɗe lafiya, amma ba ita take tafiyar da gwamnati ba. Firaminista goma sha biyar suka yi aiki a zamaninta, jama'a suna iya sauke wanda ya gaza. Kujerar da ake yanke hukunci a kanta tana sauya hannu, shi ya sa daɗewarta ba ta zama nauyi ga talaka ba.

Abin da yake ba ni tsoro game da doguwar sarauta shi ne, yau da gobe masu faɗa wa sarki gaskiya suna tsufa suna mutuwa, sai a bar shi da ƴan amshin Shata. Yaron da aka haifa a zamaninsa zai yi furfura bai taɓa ganin wani ba, har ya ɗauka ƙasar ba ta iya tsayawa in babu shi. Alhali Hausawa sun ce sarki goma, zamani goma.

Wannan magana ta shafe mu, ƴan uwa. Ba lallai ne wani cikinmu ya ɗaura rawanin sarauta ba, amma gobe wani zai zama liman, wani shugaban makaranta, wata shugabar ƙungiyar mata, wani mai gida. Ko shugabancin ɗalibai na shekara guda amana ce. Na ga ɗalibin da ya riƙe makullin ɗakin littattafanmu zango ɗaya tak, ya ɗinke duk littattafan da suka yage, har yau muna karatu da su. Ban tuna wanda ya riƙe makullin kafinsa ba.

Saboda haka, ran hawan Salla idan sarki ya zo wucewa muka ɗaga hannu muna cewa Allah ya ja zamani, ni zan ƙara da cewa: Allah ya cika zamanin da adalci, ya ba shi masu faɗa masa gaskiya. In na yi daidai daga Allah ne, in na yi kuskure malamaina su gyara mini.